Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

 Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani al'amari da ya wuce ba tare da mun tsaya mun dube shi da idon basira ba. A ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya rufe Skype, watau manhajar nan ta kira ta hanyar intanet wadda ta yi kusan shekara 22 tana sada ɗa da mahaifi, ɗalibi da malami, mai neman aiki da mai ɗauka. Da yawa daga cikinmu da ita muka fara jin muryar ɗan'uwa daga Alƙahira ko Landan ba tare da kuɗin kati ya cinye mana na abinci ba. Wasu malamanmu ta cikinta aka yi musu jarrabawar baka kafin su sami gurbin ƙaro ilmi a ƙasashen waje. Ranar da mai abu ya ga dama, sai ya naɗe tabarmarsa, ya ce kowa ya koma wata manhajar tasa mai suna Teams. Ba a yi shawara da mu ba, kuma babu dalilin da zai sa a yi, tun da yake kayan ba namu ba ne.

Tarihin Skype kaɗai ya isa darasi. A shekarar 2003 wasu mutum biyu, Niklas Zennström ɗan ƙasar Suwidin da Janus Friis ɗan ƙasar Denmak, suka kafa ta, masana 'yan ƙasar Estoniya suka rubuta ta. A 2005 kamfanin eBay ya saye ta a kan dala biliyan 2.6, ta bi ta hannun wasu attajirai, har a 2011 Microsoft ya saye ta a kan dala biliyan 8.5. Duk wannan ciniki da aka yi ta yi, da taron jama'ar da ke amfani da ita aka yi shi, amma ba a taɓa tambayar jama'ar ba. Waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu kuwa su ne masu amfani da Linux. An fitar musu da Skype mai lamba 4.3 a 2014, aka bar ta nan ba gyara, a 2017 aka daina karɓar ta, aka ba su wata sabuwa. Da suka koma Teams, ita ma a watan Disamba na 2022 aka janye wadda aka yi musamman domin Linux, aka ce su riƙa shiga ta burauza. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

To, mece ce Linux, kuma ina ruwan ɗalibin Kano ko Zariya ko Yamai da ita? Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda ke tafiyar da ita gaba ɗaya, a kanta sauran manhajoji suke zaune. Wadda muka fi sani ita ce Windows, kuma rufaffiya ce, watau kamfaninta ne kaɗai ya san yadda aka rubuta ta, shi ne kaɗai ke da ikon gyara ta ko kashe ta. Linux kuwa buɗaɗɗiya ce: rubutunta na asali yana fili, kowa yana da iznin karantawa, da gyarawa, da kwafa ya ba wani. Asalin wannan tafarki daga Richard Stallman ne, wanda ya fara aikin GNU a 1983, sa'an nan a 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki mai shekara 21, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar manhajar. Daga nan aka sami ire-irenta, kamar Debian a 1993, da Ubuntu wadda Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fito da ita a 2004, ya ba ta suna da kalmar Zulu da Kosa mai nufin mutuntaka.

Ruwanmu da ita a fili yake. Yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke ɗakunan kwananmu na hannu ne, sun gama aikinsu a Turai ko Amurka kafin su iso kasuwanninmu. A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da yake yi wa Windows 10 a kyauta, alhali kuwa Windows 11 tana da sharuɗɗan da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su cika ba. Ke nan ɗalibin da ubansa ya sayar da buhunan masara ya saya masa kwamfuta an bar shi da zaɓi uku: ko ya ci gaba da aiki da manhajar da aka daina toshe wa ɓaraka, ko ya sayi sabuwar kwamfuta da kuɗin da ba shi da su, ko kuwa ya ɗora mata Linux, wadda wasu ire-irenta, irin su Linux Mint da Xubuntu da Lubuntu, suke tafiya lafiya lau a kan kwamfutar da ta shekara goma. Ra'ayinmu shi ne na ukun ya fi, kuma duk wanda ya bi shi tilas ya koyi yadda zai girka manhajar kira ya daidaita ta da hannunsa, domin a yau kira ta intanet ya zama ƙofar neman gurbin karatu, da kare kundin digiri, da ganawa da mai ɗaukar aiki. Domin kada a ce mun yi wa'azi ba mu nuna hanya ba, ga yadda abin yake.

Kafin kome, mutum ya kwashe takardunsa da hotunansa ya ajiye a wani wuri dabam. Sa'an nan ya sauke Ubuntu ko Linux Mint ya ɗora a kan filashi, ya tayar da kwamfutar daga filashin. Wani alheri na Linux shi ne tana yarda a gwada ta haka nan ba tare da an goge kome ba. A wannan gwaji ne mai hankali zai duba abu uku: ko kwamfutar tana kama intanet, ko makirfo yana ɗaukar murya, ko kyamara tana nuna fuska. Idan ukun nan sun yi, ya girka da kwanciyar hankali. Muna ba da shawarar a zaɓi fitowar Ubuntu mai dogon zango, wadda ake fitarwa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, ana kuma kula da ita shekara biyar, domin wannan ya isa ya kai ɗalibi daga ajin farko har ya ɗauki digirinsa.

Abu na biyu shi ne sanin inda ake ɗauko manhaja. Mun saba da al'adar shiga kowane lungu na intanet mu sauke abin da muka gani, ko mu karɓa a filashin aboki, wadda ita ce babbar hanyar da cututtukan kwamfuta ke yaɗuwa a tsakaninmu. A Linux ba haka ake yi ba. Kowace irinta tana da rumbun manhajoji wanda masu kula da ita suka tace suka sa wa hannu. Ana iya shiga rumbun ta hanyar taɓa hotuna kamar yadda ake yi a wayar hannu, ana kuma iya buɗe tagar umarni a rubuta sudo apt update domin kwamfuta ta sami sabon jerin abin da ke rumbun, sa'an nan a rubuta sudo apt install tare da sunan manhajar. Kalmar sudo tana nufin za a yi aikin da ikon mai gida ne, shi ya sa take neman kalmar sirri. Saboda haka kada wanda ya kwafi umarnin da bai gane ba ya liƙa bayan wannan kalma, domin daidai yake da miƙa wa baƙo mabuɗin ɗaka. Idan abin da ke rumbun ya tsufa, sai a nemi sabo daga gidan waɗanda suka rubuta manhajar, ko daga babban rumbun Flathub.

Wace manhaja za a girka? Guda uku muke ganin ya kamata kowane ɗalibi ya sani, domin kowace da irin aikinta. Ta farko ita ce Jitsi Meet, wadda ba ta ma bukatar girkawa: ana buɗe ta a burauza, a ba ta iznin amfani da makirfo da kyamara, a aika wa abokan ganawa adireshin ɗakin. Ita ta fi dacewa da taron ƙungiya ko darasin rukuni. Ta biyu ita ce Linphone, wadda aka fara a Faransa a 2001. Ita tana aiki ne da wata ƙa'ida ta kowa da kowa mai suna SIP, wadda aka tabbatar da fasalinta na yanzu a 2002, kuma da ita wayoyin ofisoshi da kamfanonin waya masu yawa suke magana da juna. Mai Linphone zai shigar da sunansa, da adireshin uwar garken da ya yi rajista da ita, da kalmar sirri, kamar dai yadda ake yi wa wasiƙar imel, kuma in wannan gidan ya ɓata masa rai yana iya komawa wani ba tare da ya sake manhaja ba. Ta uku ita ce Jami, wadda wani kamfani a birnin Mantiriyal na Kanada yake kula da ita, ta kuma shiga cikin aikin GNU a 2016. Ita ba ta neman lambar waya ko adireshin imel. A cikin kwamfutarka ake ƙirƙirar rajistarka, kira kuma yana tafiya ne daga na'ura zuwa na'ura. Amma fa a nan akwai gargaɗi: tun da babu wani kamfani da ke riƙe da rajistar, duk wanda bai ajiye kwafinta a filashi ba, ranar da kwamfutarsa ta lalace ko aka sace ta, sunansa da jerin abokansa sun tafi ke nan.

Abu na uku, wanda shi ne ya fi kayar da mutane, shi ne daidaita sauti. Mun ga wani ɗan'uwanmu da ya yi wata uku yana shirin ganawa da masu ba da tallafin karatu, ya sa babbar riga, ya zauna a gaban kwamfuta, suna ganin bakinsa yana motsi ba su jin kome, har lokacin da aka ba shi ya ƙare. Ya yi ta tsine wa intanet, alhali laifin ba nata ba ne. Kwamfutar tana da makirfo biyu, na jikinta da na abin kunnen da ya soka, ita kuwa manhajar tana saurare ne daga wanda aka rufe. Gyaran bai fi na minti ɗaya ba. A shiga wurin daidaita sauti, a zaɓi makirfon da ake so, a yi magana a ga ko sandar da ke nuna ƙarfin murya tana motsi. Akwai wata 'yar ƙaramar manhaja mai suna pavucontrol wadda ke nuna wace manhaja ce ke amfani da wane makirfo, kuma tana aiki da tsohon tsarin sauti na PulseAudio da sabon na PipeWire, wanda Fedora ta koma kansa a 2021, Ubuntu kuma a 2022. Idan abokin magana yana jin amsa-kuwwar muryarsa, dalili shi ne muryar tana fita ta lasifikarka tana sake komawa ta makirfonka, maganin kuwa shi ne a sa abin kunne. A nisanci fanka da janareta. A zauna ana fuskantar taga ko fitila, domin wanda ya ba haske baya inuwarsa kawai za a gani. A kuma kira aboki a gwada tun ana saura kwana biyu, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na huɗu shi ne hanyar da muryar ke bi. Wani lokaci kira yakan shiga, a ɗauka, amma ɗaya ya ji ɗaya bai ji ba. Dalilin haka shi ne kwamfutocinmu ba su da adireshin kansu a intanet. Na'urar da ke raba intanet a gida ko a makaranta tana ɓoye su duka a bayan adireshi guda, haka ma kamfanonin waya suke tara masu hulɗa da su da yawa a bayan adireshi ɗaya. Ke nan kamar mutum biyu ne a gidajen haya biyu, kowa ya san sunan unguwar ɗan'uwansa amma bai san ƙofar ɗakinsa ba. Masana sun yi wa wannan dabara biyu. Ta farko, mai suna STUN, tana gaya wa kwamfuta yadda ake ganin adireshinta daga waje. Ta biyu, mai suna TURN, ɗan aike ce da ke karɓar murya daga wannan ta miƙa wa wancan idan hanya ta kai-tsaye ta toshe. A Linphone ana kunna waɗannan ne a wurin daidaita rajista, a can ne kuma ake zaɓar a kulle magana yadda mai laɓe a hanya ba zai ji ba. Idan duk an yi wannan abin ya ƙi a intanet ɗin makaranta amma ya yi a na waya, to katangar tsaron makarantar ce ta rufe ƙofofin da murya ke bi. SIP yana amfani da ƙofa mai lamba 5060, ko 5061 idan an kulle shi, Jitsi kuwa ƙofa mai lamba 10000. Ɗalibin da ya je cibiyar kwamfuta da waɗannan lambobi a hannu ya fi wanda ya je yana cewa abin ba ya yi samun biyan bukata.

Sai batun kuɗi, wanda ba mu isa mu tsallake shi ba, musamman tun da a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta Nijeriya ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Lissafin mai sauƙi ne. Murya mai tafiya a kan kilobit 32 a daƙiƙa tana cin kilobait 240 a minti ta ɓangare ɗaya, watau wajen rabin megabait idan an haɗa zuwa da dawowa, ban da ɗan ƙarin da hanya ke ci. Hoto mai motsi a kan megabit ɗaya a daƙiƙa kuwa yana cin megabait bakwai da rabi a minti ta ɓangare ɗaya. Ashe wanda ya rufe kyamara bayan an gaisa ya rage kashe kuɗinsa ninki da yawa, ya kuma taimaki muryarsa ta fita sarai idan intanet ta yi rauni. Buɗaɗɗun manhajoji irin Linphone suna barin mutum ya ƙayyade wa kansa yawan abin da kira zai ci, ba sai an yanke masa ba.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Na farko za su ce, ai kowa yana WhatsApp, me zai kai mu inda babu kowa? Gaskiya ne, wayar da ba ta da wanda za a kira da ita kwalliya ce kawai, kuma ba mu ce kowa ya goge abin da yake gaisawa da mahaifiyarsa da shi ba. Abin da muke tunatarwa shi ne, ita ma WhatsApp tana da mai ita, kamfanin Facebook ne ya saye ta a 2014, kuma a ranar 4 ga Oktoba 2021 ita da Facebook da Instagram sun ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida a duk duniya. Gidan da ke da ƙofa ɗaya, ranar gobara ake gane kuskuren magininsa. Ajinmu guda ɗaya ko ƙungiyarmu guda ɗaya idan ta yarda ta riƙa yin taronta a Jitsi, an sami mutanen da za a kira ke nan.

Na biyu za su ce, ai mai neman aiki ba shi ke zaɓar inda za a gana ba, in an ce masa Zoom ko Teams tilas ya bi. Wannan ma haka yake. Amma Zoom tana da wadda aka yi domin Linux, Teams da Google Meet kuma suna aiki a burauza, saboda haka Linux ba ta rufe wa kowa wannan ƙofa ba. Bugu da ƙari, wanda ya koyi zaɓar makirfo da kashe amsa-kuwwa da gane toshewar hanya, iliminsa yana tare da shi ko a wace manhaja aka kira shi.

Na uku, kuma su ne masu hujja mafi nauyi, za su ce buɗaɗɗiyar manhaja tana da nata wahalhalu. Ba mu musa ba. Jami takan yi jinkirin isar da saƙo idan ɗayan bai buɗe na'urarsa ba. Wani lokaci sabon gyara yakan ɓata abin da ke aiki jiya, kuma babu ofishin da za ka je ka kai ƙara. Uwar garke tana son wutar lantarki da mai kula da ita, mu kuwa mun san halin wutarmu. Hukumar birnin Munik a Jamus ta yi shekaru tana aiki da Linux, amma a 2017 majalisar birnin ta yanke shawarar komawa Windows. Duk da haka akwai bambanci guda wanda ya rinjayi sauran. Idan mai rufaffiyar manhaja ya gaji, manhajar ta mutu. Idan mai buɗaɗɗiya ya gaji, rubutun yana nan, wasu su ɗauka su ci gaba, kamar yadda aka yi a 2010 sa'ad da masu aikin OpenOffice suka ga take-taken sabon mai ita, suka ɗauki rubutun suka kafa LibreOffice, wadda har yau ake aiki da ita. Ita kanta Skype ta ba da shaida a kan haka. Dabararta ta matse murya mai suna SILK an buɗe ta, aka haɗa da wata aka sami Opus a 2012, kuma da Opus burauzoji da manhajojin kira masu yawa suke ɗaukar murya a yau. Abin da Skype ta rufe ya bi ta kabari, abin da ta buɗe kuwa yana raye a cikin kwamfutocinmu.

Wannan ya kawo mu ga jami'o'inmu. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka yanke, intanet ta raunana a Nijeriya da Gana da Kodebuwa da maƙwabtansu, har bankuna suka shiga wahala. Abin tambaya shi ne, don me kiran da ɗalibi zai yi daga ɗakin kwana zuwa ofishin malaminsa, tafiyar minti goma a ƙafa, ba zai ƙullu ba sai ya nemi iznin uwar garken da ke wata nahiya? Tun 1999 akwai buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Asterisk wadda ke mayar da kwamfuta ta zama cibiyar haɗa waya. Jitsi ma ana iya girka ta a kan uwar garken makaranta. Jami kuwa tana iya haɗa na'urori biyu da ke kan hanyar sadarwa ta cikin gida ko da intanet ta waje ta ɗauke. Jami'ar da ke koyar da ilmin kwamfuta, tana yaye ɗaruruwa kowace shekara, bai kamata a ce ta kasa haɗa sassanta da wayar kanta ba. Mu tuna kuma cewa Linux aikin ɗalibi ce, Jitsi ma ta samo asali ne a 2003 daga aikin wani ɗalibi, Emil Ivov, a Jami'ar Sitirasbog ta Faransa. Ba su fi mu kai ba, an dai ba su wuri da na'ura an bar su su gwada.

Ku kuma yayyenmu ma'aikata, maganar ta fi shafar ku, domin abin da kuke tattaunawa amanar jama'a ce. Takardun da Edward Snowden ya fallasa a 2013 sun nuna sunan Skype a cikin jerin hanyoyin da hukumar leƙen asirin Amurka take samun bayanai daga gare su. Ƙasashen da suka fi mu kusa da Amurka ma sun ɗauki darasi. Gwamnatin Faransa ta fito wa ma'aikatanta da manhajar saƙo tata mai suna Tchap a 2019, wadda aka gina a kan buɗaɗɗiyar ƙa'ida, jihar Shileswig-Holstain ta Jamus kuma ta yanke shawara a 2024 za ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta wajen 30,000 kan buɗaɗɗun manhajoji. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba muna cewa ƙaramin ma'aikaci ya je ya sake wa kwamfutar ofis manhaja ba da izni ba, wannan karya doka ce. Muna cewa ya koya a kan tasa, ya iya, sa'an nan ya rubuta wa na gaba da shi takarda mai hujja. Mataimakin sakatare na yau shi ne babban sakatare na gobe, kuma abin da ya saba da shi yana ƙarami shi zai sa wa hannu yana babba.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta keɓe rana guda a kowane zangon karatu, a taru a babban ɗakin taro, waɗanda suka iya su taimaki waɗanda ba su iya ba wajen girka Linux da manhajar kira, kowa ya gwada makirfonsa ya kira na kusa da shi kafin ya tashi. Muna kira ga 'yan'uwanmu mata da su kasance cikin masu koyarwa a wannan rana, domin kada ɗaliba ta riƙa miƙa kwamfutarta da hotunanta da kalmar sirrinta ga baƙon mai gyara saboda abin da za ta iya yi da kanta. Muna kira ga hukumar jami'a da ta ware uwar garke guda, da wutar rana mai riƙe ta, ta damƙa wa ɗaliban ilmin kwamfuta a ƙarƙashin kulawar malamansu. Muna kuma kira ga ɗaliban sashen harsunan Nijeriya da su haɗa kai da na kwamfuta su fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa, tun da yake ƙofar fassara a buɗe take ga duk mai sa kai, domin iyayenmu da ƙannenmu su ma su amfana.

Wanda ya karanta wannan, muna roƙonsa abu ɗaya: kafin fitowa ta gaba ya nemi filashi, ya gwada Linux a kan kwamfutarsa ba tare da ya goge kome ba, ya kira aboki guda. In ya ci tura, ya zo ofishin Ƙungiya, akwai waɗanda za su zauna da shi. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kuma ba mu ikon tsayawa da ƙafafunmu, amin.